Manhajar fassara da aljihun matashi: inda take taimako da inda take jawo asara

Mafi yawan rubutun da ya shafi kuɗin matashi mai riƙe da waya ba da Hausa yake zuwa ba. Sharuɗɗan manhajar ajiya da Turanci suke, saƙon banki da Turanci, shafin sarin kaya daga ƙasar Sin da Sinanci, takardar banki a Maraɗi ko Damagaram kuma da Faransanci. Abin da yawancin mutane ke yi shi ne su gangara ƙasan shafi su latsa alamar amincewa ba tare da sun karanta ko layi ɗaya ba. Wasu kuma, waɗanda suka fi kula, sukan kwafe rubutun su liƙa a Google Translate, su karanta abin da ya fito, su ɗauka magana ta ƙare.

Na biyun sun fi na farko, babu shakka. Sai dai akwai abin da ya kamata su sani. Injin fassara ya ƙware wajen ba mutum ma'anar rubutu a dunƙule, amma wuraren da ya fi yin tuntuɓe su ne daidai wuraren da kuɗi yake: lambobi, kalmomin harkar banki, da ƙananan kalmomin da ke kore magana ko gindaya sharaɗi. Wanda ya san waɗannan wurare zai ci moriyar manhajar sosai, ya kuma tsare 'yan kuɗin da yake tarawa.

Yadda injin yake fassara

Google Translate ya fara aiki a 2006, Hausa kuma ta shiga cikinsa a watan Disamba na 2013 tare da Yarbanci da Ibo da Somaliyanci da Zulu. A 2016 kamfanin ya fara sauya tsarin zuwa na ƙirƙirarriyar basira, wanda ke duban jimla gaba ɗaya a maimakon ɗaukar ta gutsure-gutsure. Kamfanin Meta ya fitar da nasa tsarin mai suna NLLB-200 a 2022, da Hausa a cikin harsuna 200 da yake ɗauka, Microsoft Translator ma ya ƙara Hausa a 2023.

Duk waɗannan abu ɗaya suke yi. Ana ciyar da kwamfuta da ɗimbin jimlolin da mutane suka riga suka fassara, sai ta koyi wace jimla ce ta fi dacewa ta biyo bayan wace. Ba ta san mene ne bashi ba, ba ta taɓa jin zafin tara ba. Abin da ta fi yawan gani shi take kwaikwayo. Rubutun Hausa da ke intanet kuwa galibinsa labarai ne da rubutun addini da hirarrakin sada zumunta. Yarjejeniyar banki da aka fassara zuwa Hausa ba ta da yawa. Shi ya sa manhajar za ta fassara labarin wasan ƙwallo sumul, amma a ba ta sakin layi ɗaya na sharuɗɗan rance sai ta fara kame-kame, kuma ba za ta nuna alamar tana shakka ba. Jimlar da ta kuskure da wadda ta daidaita duk da fuska ɗaya suke fitowa.

Kalmomin da ke da fuska biyu

Turancin harkar kuɗi cike yake da kalmomin da ma'anarsu ta yau da kullum daban take. “Interest” na nufin sha'awa, na kuma nufin kuɗin ruwa. “Principal” shugaban makaranta ne, amma a takardar rance uwar kuɗi ce, wato ainihin abin da aka ranta kafin a ɗora komai. “Capital” babban birni ne kuma jari ne. “Maturity” balaga ce, amma a manhajar ajiya ranar cikar wa'adi take nufi. “Fine” na iya zama lafiya ƙalau, na iya zama tara. Idan aka liƙa kalma ita kaɗai, injin ba shi da abin da zai dogara da shi ya zaɓa, sai ya ɗauko ma'anar da ta fi yawa. Don haka ba a fassara kalmar kuɗi ita kaɗai. A kwafe jimlar gaba ɗaya, in da hali har da wadda ke gabanta.

Akwai wata matsala da ta fi wannan zurfi ga Bahaushe, wato kalmar riba. A rubuce, “riba” ɗaya ce, amma abu biyu take ɗauke da su: ribar ciniki wadda kowa ke nema, da ribar da Musulunci ya haramta, wato kuɗin ruwa. Turanci ya raba su, “profit” daban, “interest” daban. Idan injin ya mayar da su duka “riba”, bambancin da mai karatu ya fi buƙatar gani ya ɓace. Matashin da ke gudun kuɗin ruwa bai kamata ya tsaya ga fassarar ba. Ya koma kan asalin Turancin ya ga wace kalma aka rubuta, ya kuma nemi kalmomi irin su “non-interest” ko sunayen yarjejeniyoyin da bankunan Musulunci ke amfani da su, kamar mudaraba da murabaha da ijara.

Idan kuma daga Hausa ake fassarawa zuwa wani harshe, misali za a tura wa mai sayarwa saƙo, laifin yakan fito ne daga yadda ake rubutu a waya. Yawancin matasa ba sa sanya haruffa masu ƙugiya. “Kasa” da “ƙasa” ba ɗaya ba ne, haka “kara” da “ƙara”, haka “daki” da “ɗaki”. Wanda ya rubuta “bashi kudin” yana nufin a miƙa wa wani kuɗi, injin na iya fahimtar maganar bashi ake yi, domin “ba shi” kalma biyu ce. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, kuma da an ƙara ta a jerin harsuna haruffan ɓ da ɗ da ƙ suna samuwa. Minti biyu ake yi a saita shi. Gajerce-gajercen hira irin su “ykk” da “ngd” kuwa a bar su wa abokai.

Lambobi

A nan ne asara ta fi saurin aukuwa, domin ido yakan ga lamba ya wuce, a zaton lamba ba ta buƙatar fassara.

A Faransanci waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da ɗigonta. Abin da mai Turanci zai rubuta 2.5, mai Faransanci 2,5 zai rubuta, dubbai kuma yakan raba su da fili ko da aya, ta yadda 1.500 na iya zama dubu ɗaya da ɗari biyar. Ɗan kasuwar Kano ko Katsina da ke hulɗa da Maraɗi ko Kwatano yana cin karo da wannan kullum. Ga kuma ƙidayar Hausar Nijar, inda dala ke nufin sefa biyar, jika kuma sefa dubu. Wanda ya rubuta “dala ashirin” yana nufin sefa 100, amma injin da ya saba da labaran duniya zai iya mayar da ita dalar Amurka ashirin. Mafita ita ce a rubuta adadin da lambobi, a sa sunan kuɗin a gefe: 100 FCFA, ₦5,000.

Kwanan wata ma haka. Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana, don haka 03/04 a wurinsu 4 ga Maris ne, a Najeriya da Nijar kuwa 3 ga Afrilu. Injin fassara sau da yawa yakan bar lambobin yadda ya same su. Idan ranar biyan bashi ce ko ranar ƙarewar rangwame, kusan wata guda ke nan tsakani.

Sai kuma gajerun haruffan da ke bin kaso. “15% p.a.” na nufin kashi 15 cikin 100 a shekara. A ɗauka matashi ya kulle ₦50,000 na wata uku a kan wannan sharaɗi, yana tsammanin ₦7,500 za ta hau kai. Abin da zai samu ₦1,875 ne, domin wata uku rubu'in shekara ne. Ba a cuce shi ba, karatun ne bai yi ba. A ɓangaren rance kuma abin juyawa yake yi. A ɗauka wata manhaja ta ba da ₦20,000, ta ce kashi 15 za a ɗora a biya cikin kwana 14. Naira 3,000 ba ta da yawa a ido. Amma akwai irin wannan kwana 14 har 26 a shekara, wanda ke nufin a ma'aunin shekara kashi 390 ne. Lamba ɗaya ce, 15, a wurare biyu, amma tazarar da ke tsakaninsu ta wuce misali. Duk inda aka ga kaso, tambayar farko ita ce: na wane tsawon lokaci? Rana, mako, wata ko shekara?

Kalmar “up to” ma tana buƙatar ido. “Har zuwa kashi 20” ba alkawarin kashi 20 ba ne, iyaka ce ta sama, kuma yawanci sai wanda ya kulle kuɗi mafi tsawon lokaci ke isa gare ta.

Ƙananan kalmomin da ke juya magana

Hausa tana kore magana da “ba” biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, Turancin lauyoyi kuma yana son jera “not” da “unless” da “except” da “non-” cikin jimla ɗaya mai tsawon layi biyar. Idan jimla ta yi tsawo, injin na iya yar da ɗaya daga cikinsu, sai “ba za a mayar da kuɗi ba” ta koma “za a mayar da kuɗi”. Jimlar za ta fito da kyakkyawar Hausa, babu abin da zai sa mai karatu zargi.

Dabarar da ke aiki a nan ita ce a yanyanka doguwar jimla a inda waƙafi yake, a fassara kowane yanki daban. Bayan haka a ɗauki Hausar da ta fito a mayar da ita Turanci ta hanyar latsa kibiyoyin da ke musanya harsunan biyu, a kwatanta da na asali. Idan “non-refundable” ta tafi ta dawo “refundable”, an kama kuskuren. Wannan dabara ba ta kama komai, domin injin na iya maimaita kuskurensa a dawowa, amma tana kama da yawa. Wanda ke da data zai iya ƙarawa da liƙa jimlar a manhaja ta biyu. Idan biyun suka saɓa, to wurin na buƙatar mutum mai jin harshen ya duba.

Ba dole ne a fassara duk shafuka ashirin na sharuɗɗa ba. A buɗe su a burauza, a yi amfani da wurin neman kalma a cikin shafi, a nemo “fee”, “penalty”, “withdraw”, “lock”, “auto”, “renew” da “contacts”. Jimlolin da waɗannan kalmomi ke ciki su ne ke taɓa aljihu. “Auto” da “renew” su ke tona asirin rajistar da ke sabunta kanta tana cirar kuɗi duk wata bayan kwanakin gwaji na kyauta sun ƙare. “Contacts” kuwa ita ke nuna ko manhajar rance tana neman shiga jerin lambobin waya, abin da wasunsu suka yi amfani da shi wajen tura wa 'yan uwa da abokan mai bashi saƙon cin mutunci. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta fara tilasta wa irin waɗannan kamfanoni yin rajista a 2022, Google ma ya hana manhajojin rance da ke Play Store shiga lambobin waya da hotuna daga ƙarshen watan Mayu na 2023. Manhajar da har yanzu ke neman wannan izini, musamman wadda aka turo a WhatsApp aka ce a sauke daga wani wuri daban, ta riga ta bayyana halinta.

Sari daga ƙasar Sin

Matasa da yawa da ke sayar da kayan waya ko takalma ko jakunkuna sun gano shafin 1688, wanda mallakar kamfanin Alibaba ne amma an yi shi don 'yan kasuwar cikin ƙasar Sin, shi ya sa yake da Sinanci kuma farashinsa yakan fi sauƙi. Burauzar Chrome tana fassara shafin gaba ɗaya, rubutun da ke cikin hoto kuma sai a ɗauki hoton allo a ba Google Lens. A nan ya fi kyau a fassara zuwa Turanci ga mai ɗan jin sa, domin jimlolin Sinanci da Turanci da injin ya koya sun ninka na Sinanci da Hausa nesa ba kusa ba. In ya so sai a mayar da jimlar da ta yi tsauri zuwa Hausa.

Akwai alamomi kaɗan da ya kamata mai sari ya haddace da idonsa, kada ya bar wa inji. Alamar 万 na nufin dubu goma, don haka 1.2万 dubu goma sha biyu ne. Alamar 折 ta rangwame ce, amma a juye take aiki: 8折 na nufin za a biya kashi 80 na farashi, wato ragin kashi 20 ne kawai, ba ragin kashi 80 ba, ba kuma na kashi 8 ba. Ma'aunin 斤 rabin kilo ne, giram 500. Alamar ¥ kuma ana amfani da ita ga yuwan na Sin da kuma yen na Japan, waɗanda darajarsu ba kusa take ba.

Mafi ban sha'awa su ne kalmomi biyu na kafin alƙalami, 定金 da 订金. Furucinsu ɗaya ne, kuma injin yakan fassara su duka da “deposit”. Amma ta farko a dokar Sin jingina ce: idan mai saye ya fasa, kuɗin ya tafi. Ta biyu kuwa biyan wani ɓangare ne tun da wuri, wanda galibi ana iya mayarwa. Bambancin yana cikin harafin farko kaɗai. Su kansu 'yan ƙasar sukan ruɗe a kai, balle wanda ke karantawa ta bakin inji daga Sabon Gari.

Farashin da ke saman shafi shi ma yakan yaudari sabon shiga, domin sau da yawa na mai sayen adadi mafi yawa ne, ko na ƙaramin abu mafi araha a jerin zaɓin, kamar murfin waya a shafin da hotonsa ke nuna caja. Kafin a lissafa riba sai an haɗa da kuɗin dakon cikin Sin, ladan wakili, kuɗin jirgi da ake aunawa da kilo ko girman kwali, da canjin kuɗi na ranar.

Fassarar ta yi daidai, shawarar ce ba ta nan ba

Akwai wani nau'in kuskure da ba laifin inji ba ne. Intanet cike take da rubuce-rubucen Amurkawa kan yadda mutum zai tara kuɗi har ya daina dogaro da albashi, kuma yanzu kowa na iya karanta su da Hausa. Mafi shahara a ciki ita ce ƙa'idar kashi 4, wadda ta samo asali daga binciken William Bengen na 1994. Ma'anarta ita ce idan mutum ya tara ninki 25 na abin da yake kashewa a shekara, zai iya riƙa cire kashi 4 duk shekara kuɗin su kai shi kimanin shekara talatin. A lissafi, mai kashe ₦100,000 a wata yana kashe miliyan 1.2 a shekara, ke nan miliyan 30 yake buƙata.

Lissafin daidai ne, amma an gina shi a kan tarihin hannayen jari da takardun lamunin gwamnatin Amurka, da kuma dala. A Najeriya, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana hauhawar farashi na watan Disamba 2024 a kashi 34.8 cikin 100, bayan cire tallafin fetur da sakin darajar naira a 2023. A irin wannan shekara, ₦100,000 da aka ɓoye a ƙarƙashin katifa tana sayen abin da kimanin ₦74,000 ke saye a farkon shekarar. Ko da an ajiye ta inda ta samu ƙarin kashi 15, ƙarfinta bai wuce na kimanin ₦85,000 ba. Babu injin fassarar da zai sanya wa mai karatu wannan gargaɗi a gefen rubutun.

Haka abin yake da tsarin 50/30/20, wanda Elizabeth Warren da 'yarta Amelia suka yaɗa a littafinsu na 2005: rabin kuɗin shiga ga buƙatun dole, kashi 30 ga abin marmari, kashi 20 ga ajiya. Tsarin ya ɗauka cewa akwai albashi mai zuwa a ranarsa, kuma abinci da haya ba sa cinye fiye da rabi. Ɗalibi ko mai POS ko mai gyaran waya a Farm Centre, wanda samunsa na yau ba shi ne na gobe ba, kuma akwai ƙanne da iyaye a kansa, ba zai iya bin wannan rabo yadda yake ba. Abin ɗauka a ciki shi ne a ware ajiya tun kuɗi na shigowa, kafin a fara kashewa. Kason kuwa kowa da ƙarfinsa. Mai samun kuɗi kullum ya fi dacewa da ware wani abu daga kowace shigowa, ko da ₦200 ce, kamar yadda masu adashe suka daɗe suna yi tun kafin zuwan waya.

Ga matashi a nan, tsayawa da ƙafa yana da matakai da suka fi miliyan 30 kusa. Na farko shi ne ya kai matsayin da lalacewar allon waya ko zazzaɓin kwana uku ba za su tura shi manhajar rance ba. Daga nan sai tara abin da zai riƙe shi wata biyu ko uku idan sana'a ta tsaya, sannan jari. Kuɗin matakin farko ba a kulle su, domin amfaninsu shi ne a same su a daren da ake buƙata.

Inda za a ajiye

Kafin a zuba ko sisi a wata manhaja, jimlar da ta fi cancantar fassara ita ce wadda ke can ƙasan shafi da ƙananan haruffa, inda ake faɗin wanda ya ba kamfanin lasisi. Banki ko ƙaramin bankin da Babban Bankin Najeriya ya ba lasisi yana ƙarƙashin inshorar NDIC. A 2024 hukumar ta ɗaga iyakar abin da take biyan kowane mai ajiya idan banki ya durƙushe zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna da miliyan 2 a ƙananan bankuna, kuma a watan Yuni na shekarar aka soke lasisin bankin Heritage, aka ga amfanin tsarin a aikace. Kamfanonin juya jari kuwa hukumar SEC ce ke yi musu rajista, kuma rajistar ba ta nufin an lamunce wa mutum ba zai yi asara ba. “Licensed”, “registered” da “insured” kalmomi uku ne daban, ko da fassarar ta sa sun yi kama. Takardar rajistar CAC kaɗai kuwa shaida ce ta cewa akwai kamfani mai wannan suna, ba izinin karɓar ajiyar jama'a ba ce. Hukumomin suna da jerin sunayen waɗanda suka amince da su a shafukansu, kuma a can ake tabbatarwa, ba a hoton satifiket da kamfani ya manna ba.

Wanda ba ya son kuɗin ruwa yana da zaɓi. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021, gwamnatin tarayya kuma ta fara fitar da sukuk a 2017. Su ma takardunsu da Turanci suke, kuma su ma suna da sharaɗin wa'adi da na cire kuɗi da ya kamata a karanta.

'Yan damfara ma suna da manhajar

A da, saƙon damfara yakan tona kansa da gurɓatacciyar Hausa ko rashinta gaba ɗaya. Yanzu wanda bai taɓa taka ƙasar Hausa ba zai iya tura saƙo da Hausar da za ta wuce, har da sallama da “in sha Allahu”. Zuwan saƙo da harshen gida ba shaidar gaskiya ba ne. Wani lokaci akan gane shi ta jinsi da ke rikicewa, a kira namiji da “ki”, ko ta jimlar da kalmominta Hausa ne amma ƙirarta ta Turanci ce. Sai dai injinan na ƙara gogewa, don haka alamar da ta fi tabbas tana cikin abin da aka yi alkawari. MMM, wadda ta daskarar da kuɗin 'yan Najeriya a watan Disamba na 2016, alkawarin kashi 30 a wata ta yi. CBEX, wadda ta rushe a watan Afrilu na 2025, ninka kuɗi cikin kimanin wata guda ta yi wa mutane alkawari. Duk wanda ya saba tambayar “kaso na wane tsawon lokaci?” zai ga cewa babu halastaccen ciniki da ke haifar da haka wata bayan wata.

Akwai kuma abin da ba a liƙawa a akwatin fassara ko kaɗan. Idan ana kan intanet, rubutun da aka liƙa yana tafiya ne zuwa kwamfutocin kamfanin, kuma yakan zauna a tarihin manhajar inda duk wanda ya ari wayar zai gani. Lambar BVN, lambar NIN, lambobin katin ATM, lambar sirri da lambar tabbatarwa ta OTP, duk a goge su daga saƙon banki kafin a fassara, ko a maye su da sifili. Jimlar ba ta rasa ma'anarta don an cire su.

Tun farkon 2023 ana iya sauke Hausa a cikin Google Translate don aiki ba tare da data ba. A buɗe manhajar, a shiga jerin harsuna, a latsa alamar saukewa da ke gefen Hausa, a yi haka ga Faransanci ko Sinanci idan ana buƙata, zai fi kyau a lokacin da aka samu Wi-Fi. Bayan Hukumar Sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 a watan Janairu na 2025, wannan ma tanadi ne. Sai dai fassarar da ake yi ba tare da intanet ba takan gaza ta kan layi inganci, don haka ta fi dacewa da saƙon yau da kullum da tambayar farashi. Jimlar da ke ɗauke da wa'adi ko tara ko kaso, a jira a kunna data a sake duba ta, a ɗauki hoton allon asalin rubutun a ajiye tare da ranar da aka amince da shi, domin kamfanoni sukan sauya sharuɗɗansu, kuma idan gardama ta taso asalin rubutun ake dubawa, ba fassarar ba.